Burs ɗin bincike kan kuɗin ƙasa: ina rabon ƴaƴan Arewa?

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwar Dogon Dutsi, ko ta Matankari, ko ta Kore Mai Ruwa, ya san ɗan yankin takardar nan da ake kira tike. Tun rana ba ta yi zafi ba mai karɓa zai iso da ɗan littafinsa, ya yage, ya miƙa, a ba shi dala goma ko ashirin, ya wuce gaba. Mai tallar ƙuli-ƙuli ta biya, mai buhun wake ya biya, wanda ya jawo akuyarsa zuwa kasuwar bisashe shi ma ya biya. Da la'asar sakaliya kasuwa ta watse, kowa ya kama hanyar gida.

To, daga nan fa? Nawa aka tara a wannan yini? Nawa ne suka isa asusun ma'aikatar magajin gari? A cikin waɗanda suka isa, nawa ne suka komo wa kasuwar ta hanyar rumfa, ko shara, ko rijiya, ko makewayi? Ɗan kasuwa yakan yi wa kansa waɗannan tambayoyi, ma'aikacin gwamnati ma yakan yi, amma sau da yawa maganar takan ƙare a zato da tsegumin bakin fada. Alhali kuwa amsa irin waɗannan tambayoyi sana'a ce mai zaman kanta, tana da makarantu, tana da malamai, kuma akwai kuɗin tallafi da ake bai wa mai son ƙwarewa a cikinta. Wannan tallafi, wanda ɗalibai ke kira burs, shi ne abin da muke so mu tattauna da masu karatu a wannan mako, musamman ƴan uwanmu na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri.

Wane irin karatu ne wannan?

Ilimin kuɗin ƙasa reshe ne na ilimin tattalin arziki, kuma a kan tambayoyi uku yake tafiya. Ta farko: daga ina hukuma ke samun kuɗi, kuma a wuyan wa nauyin yake sauka? Ta biyu: ina take kashe su, wa ke amfana? Ta uku: in abin da ya shigo bai kai abin da ya fita ba, wa za a ranta wa, kuma wa zai biya? Wanda ya gama lisans ya san waɗannan a littafi. Wanda ya wuce zuwa masta ko doktora kuwa, shi ake nema ya fita fili, ya tattara alƙaluma da kansa, ya auna su, ya rubuta kundin da malamai za su yi masa tambayoyi a kai gaban jama'a.

A nan ne burs ɗin bincike ya sha bamban da burs ɗin da aka saba. Na kullum yana ciyar da ɗalibi ne domin ya zauna aji. Na bincike kuwa lokaci yake saya masa: shekara biyu ko uku ko huɗu da ba zai shiga neman abin sakawa a baki ba, tare da kuɗin mota zuwa ƙauyuka, da ladan masu taya shi yin tambayoyi, da kuɗin littattafai, da na zuwa taron masana domin a tace aikinsa. Ɗan talaka mai basira yana iya gama lisans da taimakon dangi da haƙurin yunwa. Doktora kuwa, in babu mai ɗaukar nauyi, da wuya ya kai ƙarshenta, domin a daidai wannan lokaci ne gida ke jiran ya fara kawo nasa taimakon.

Yadda muka samu kanmu a baya

Nijar ba ta rasa makarantu ba. Tun 1963 aka kafa makarantar horar da ma'aikatan mulki, wato ENA, wadda ta yaye da yawa daga cikin jami'an haraji da na baitulmali. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, kuma tana da sashen tattalin arziki. A 2010 aka ƙara jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, ta Tawa da sashen shari'a da tattalin arziki da sarrafa dukiya. A 2014 jahar Doso ma ta samu tata jami'ar.

Sai dai tarihin burs a ƙasar nan tarihi ne mai ɗaci. Ran 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka fito suna ƙin matakan tsuke bakin aljihu da aka shirya tare da Bankin Duniya, waɗanda suka shafi har da burs, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Shekarun da suka biyo baya kowa ya san su: albashi yana makara wata da watanni, yajin aiki yana bin yajin aiki, shekarun karatu suna lalacewa. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin, kuɗin karatu a waje ya ninka cikin dare ɗaya. Gwamnatin da ke fama da biyan burs ɗin ƴan shekarar farko ba ta da sukunin tunanin mai doktora.

Abin da ya biyo baya shi ne, a lokacin da ƙasa ta fi bukatar masanan kuɗi nata na kanta, a lokacin ne ta fi ƙarancinsu. Ana zama teburin shawara da Asusun Lamuni na Duniya, baƙi su zo da alƙalumansu da na'urorinsu da ƙwararrunsu, namu kuwa ƴan ƙalilan ne, aiki ya yi musu yawa. Wanda bai zo da lissafinsa ba, da lissafin wani zai tashi.

Kuma maganar haraji a Nijar ba ta taɓa zama maganar ofis kaɗai ba. A 2005, da dokar kasafi ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa, madara, sukari, ruwa da wutar lantarki, ƙungiyoyin farar hula sun rufe birane a watan Maris, har gwamnati ta janye mafi yawan matakan. Dokar kasafin 2018 ma ta fitar da jama'a kan titi. A Oktoban 2023, bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli, an rage kasafin shekarar daga miliyar 3291 zuwa miliyar 1981, wato kashi 40 cikin ɗari suka tafi. Tun 2015 ƙungiyar UEMOA ta ajiye wa ƙasashenta mizanin cewa harajin da ake tarawa ya kai kashi 20 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, Nijar kuwa ba ta kai can ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Amma kafin a ce wa talaka ya ƙara, ya kamata a san abin da yake biya tun can, da abin da zai iya ɗauka.

Ƙofofin da aka buɗe

Mai neman irin wannan karatu yana da ƙofofi, ko da yake kowace da ƙuncinta.

Ta kusa ita ce ta gida: hukumar ANAB mai kula da burs ɗin gwamnati, da makarantun doktora na jami'o'inmu. Sai kuma shirin nan na haɗin gwiwar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda aka sani da PTCI. An fara shi a 1994, cibiyarsa tana Wagadugu, an kuma kafa shi ne domin ɗalibin tattalin arziki ya samu horo mai nauyi a Afirka ba sai ya haye teku ba. Ta hanyar gasar jarrabawa ake shigarsa, a tara ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam a jami'o'i irin su Wagadugu, Dakar, Abijan da Yawunde.

A Dakar akwai COFEB, makarantar da babban bankin BCEAO ya kafa a 1977, wadda ke horar da ma'aikatansa da na ma'aikatun kuɗi na ƙasashen sefa. Bankin ya kuma ƙirƙiro kyautar Abdoulaye Fadiga a 2008, ta sefa miliyon 10, domin saka wa mai bincike ɗan yankin da ya yi fice. A Dakar ɗin dai, majalisar masana zamantakewa ta Afirka, CODESRIA, wadda aka kafa a 1973, ta shafe shekaru tana bai wa ɗalibai ƙaramin tallafin rubuta kundi. A Nairobi akwai AERC, da aka kafa a 1988, mai ba da kuɗin bincike ga masanan tattalin arzikin Afirka, tana tara su suna gabatar da aikinsu gaban manyan malamai, a gyara musu kafin a ci gaba da biya.

Can nesa kuma, tun 1987 gwamnatin Japan da Bankin Duniya suke da burs na haɗin gwiwa domin karatun masta. Yana biyan kuɗin makaranta, da na zama, da na jirgi, amma da sharuɗɗa biyu da ya kamata ma'aikatanmu su lura da su: sai wanda ya yi aƙalla shekara uku yana aikin da ya shafi ci gaban ƙasa, kuma sai ya yarda zai komo gida in ya gama. A Tokyo, makarantar GRIPS tana da kwas na musamman domin jami'an haraji da na duwan. A Ingila kuwa, cibiyar ICTD da aka kafa a 2010 ta maida hankali kacokan a kan haraji a ƙasashe masu tasowa, har da irin kuɗaɗen da talaka ke biya waɗanda ba su shiga littafin kowa.

Ƙofar da ƴan Nijar suka fi sabawa da ita a da ita ce ta Faransa, musamman cibiyar CERDI ta garin Clermont-Ferrand, wadda aka kafa a 1976, inda jami'an kuɗi da yawa na ƙasashen Afirka suka yi karatu. Amma a 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza da sababbin burs ga ɗaliban Nijar, Mali da Burkina Faso, a Janairun 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Wannan ya isa darasi: burs ɗin da ke hannun wani, ran da siyasa ta juya, da ita yake juyawa.

Me bincike ya taɓa gyarawa?

Wataƙila wani Alhaji ya ce: mu da muke fama da naira da duwan, me kundin ɗan makaranta zai ƙara mana? Ga misalai uku.

A 1996, a ƙasar Yuganda, wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Ritva Reinikka ta Bankin Duniya suka bi sawun kuɗin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare domin kayan aiki. Suka shiga makarantu 250, suka duba littattafansu na 1991 zuwa 1995. Sai suka tarar a cikin kowace ɗari da ta bar babban birni, 13 kaɗai ke isa makaranta. Sauran suna narkewa a ofisoshin da ke tsakani. Gwamnatin ƙasar ta ɗauki mataki mai sauƙi: ta riƙa buga adadin kuɗin da ta aika a jaridu, ta kuma sa a manna shi a bangon makarantu. Da aka sake aunawa a 2001, sama da 80 cikin ɗari suna isa. Ba a ƙara haraji ko tamma ɗaya ba, lissafi aka fitar fili.

A 2018, a birnin Kananga na Kwango Kinshasa, wasu matasan masu bincike, cikinsu har da ɗaliban doktora, suka haɗa kai da hukumar lardin domin gwada wata tambaya da mu ma ta shafe mu: wa ya fi iya karɓar harajin gidaje, ma'aikacin gwamnati ko mai unguwa? Aka raba unguwanni, wasu aka tura ma'aikata, wasu aka bar wa masu unguwa. Inda masu unguwa suka karɓa, kuɗin da suka shiga asusu sun ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, saboda sun san gidan da ke da hali da wanda ba shi da shi. Binciken bai ɓoye ɗaya gefen ba: karɓar na goro ma ta ɗan ƙaru a hannunsu. Hukuma ta samu abin da za ta auna da shi, riba da hasara.

Na uku a gidanmu aka yi shi. Jenny Aker, tana ɗalibar doktora a jami'ar Berkeley ta Amurka, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a lokacin da wayar salula ke shiga garuruwa, tsakanin 2001 da 2006. Ta nuna cewa inda waya ta shiga, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ƴan kasuwarmu ne suka amsa mata tambayoyi, buhunanmu aka ƙirga, amma kuɗin binciken da darajar aikin wata ƙasa suka tafi. Ba laifinta ba ne, ta yi aikinta da kyau. Mu ne ya kamata mu tambayi kanmu inda namu suke.

Tambayoyin da ke jiran ɗan Arewa

Ƙasar Arewa ba baƙuwa ba ce ga masu bincike. Marc-Henri Piault ya wallafa littafinsa kan tarihin Mawri a 1970. Adeline Masquelier ta zauna Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta littattafai kan bori da kan addini da rayuwar mata. Labarin Sarauniyar Lugu da turjiyarta ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899 ya zaga duniya. A Yamai kuma, cibiyar LASDEL da aka kafa a 2001 ta yi aiki mai yawa kan yadda ƙananan hukumomi ke tafiya a sassan Nijar. Littattafan da suka fi shahara kan Arewa dai na tarihi ne da na al'ada. Aljihun Arewa shi ma ya cancanci irin wannan kulawa.

Dubi girman abin. Kafin 2011 gunduma ɗaya ce, sannan aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi. A ƙidayar 2012, gundumar Dogon Dutsi tana da mutum sama da dubu 370, ta Tibiri kimanin dubu 270. Ƙananan hukumomi goma ne: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Dogon Kiriya da Sukukutan a gefe ɗaya, Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mai Ruwa a ɗaya gefen. Tun zaɓen 24 ga Yuli 2004 kowace take da kasafinta. A 2016 gwamnati ta sa hannu kan miƙa musu wasu ayyuka na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisu, aka naɗa kantomomi. Shekara ashirin na kasafi a hukumomi goma, kasafi ɗari biyu ke nan. Wanda ya zauna ya jera su, ya kwatanta abin da aka yi hasashe da abin da aka tara da abin da aka kashe, ya samu kundin doktora, jama'a kuma sun samu madubi.

Tambaya ta farko ita ce ta lanho. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom suka yi albarka, gwamnatin Seyni Kunce ta soke harajin kai na gwamnatin tsakiya, aka bar na gunduma, wanda daga baya ya koma hannun ƙananan hukumomi. A farkon zamaninsu sefa 700 ne a karkara, wato dala 140 a kan kowane baligi, kuma ta hannun masu gari da sarakuna yake bi. Wane gari ne ke biya cikakke, wane ne ba ya biya, kuma me ya sa? Shekarar fari ce ke hanawa, ko tafiyar samari cin rani, ko rashin ganin amfanin abin da aka biya bara? Abin da aka gwada a Kananga ana iya gwada irinsa a ƙasar Sarkin Arewa da ta Samna da ta Takasaba.

Ta biyu ita ce ta iyaka. Arewa ba ta ƙare a kan iyakar da Turawa suka shata ba: a jahar Kabi ta Najeriya akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa, kuma kasuwar Bacaka ba baƙuwa ba ce ga ɗan Dutsi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ran 29 ga Mayu 2023 ta cire tallafin man fetur, naira kuma ta faɗi. Daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 iyaka ta sake rufuwa saboda takunkumi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa farashin wake, da na bisashe, da na mai, ya taɓa kuɗin shigar duwan da na tashoshin mota. Ɗan kasuwa ya ji a jikinsa. Abin da ya rage shi ne a auna, a rubuta, domin gobe in za a yanke shawara a Yamai ko a Abuja, a yanke ta bisa sani.

Ta uku ita ce ta noman rani. Dankalin turawan da ake nomawa a bakin Tafkin Sau da cikin fadamar Dallol Mawri ya yi suna har Yamai. Daga gona zuwa kasuwa, sau nawa buhu ɗaya ke biyan kuɗi, a hannun wa, kuma wanne ne ke da rasit? Ta huɗu kuwa ita ce ta bututun mai, mai tsawon kusan kilomita 2000, wanda ya ratsa jahar Doso zuwa gaɓar tekun Benin, aka fara lodin mai daga bakinsa a Mayun 2024. Me doka ta tanadar wa ƙananan hukumomin da ya bi ta gonakinsu, kuma me ya iso?

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Ɗalibin da ya tashi a Dankasari ko a Dumega ba ya bukatar tafinta, ya san yadda ake gaida mai gari, ya san abin da ake nufi in an ce kuɗin goro, ya san ranar kowace kasuwa. Abin da baƙo zai yi shekara yana lalube, shi da shi aka haife shi.

Abin da ke tare hanya

Cikas na farko shi ne rashin labari. Sanarwar burs takan tsaya a allunan jami'a da ofisoshin Yamai da shafukan intanet, wa'adinta kuma gajere ne. Malamin makaranta ko sakataren ma'aikatar magajin gari da ke Sukukutan yakan ji labari bayan an rufe karɓar dosiye.

Na biyu shi ne lissafi da Ingilishi. Ilimin tattalin arziki na yau da alƙaluma yake tafiya, kuma burs da yawa, na Nairobi da na Tokyo da na Ingila, da Ingilishi ake neman su. A nan ɗan Arewa yana da gata a bakin ƙofarsa in ya lura: jami'ar Usman Ɗan Fodiyo ta Sakkwato, da ta Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero ta Kano, duk suna da sassan tattalin arziki, da Ingilishi suke koyarwa, a cikin garuruwan da ake jin harshensa.

Na uku ya shafi ma'aikata. Jami'in haraji ko na baitulmali da ya yi shekara biyar yana aiki shi ne ya fi dacewa da irin burs ɗin Japan da Bankin Duniya, amma sai ya samu izinin ma'aikatarsa, sai ya san wanda zai riƙe masa iyali, sai kuma ya tabbata in ya komo ba za a ajiye shi a kujerar da ba ta bukatar abin da ya koyo ba. Ga mata kuwa nauyin ninki biyu ne, domin shekarun doktora su ne shekarun aure da goyo. Alhali mata ne suka fi yawa a cikin masu biyan tike na ƙananan kaya, kuma mace ce za ta fi samun gaskiyar bakinsu.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne rufe littafi. Mai bincike in ya je ofis aka ce masa takardu sirri ne, ko mai mabuɗi ya yi tafiya, to burs ɗinsa ya tashi a banza. Kasafin ƙaramar hukuma dukiyar jama'a ce, ba asirin gidan kowa ba.

Abin da ya rage gare mu

Ga ƴan kasuwa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alhazan Arewa sun gina masallatai, sun haƙa rijiyoyi, sun kai mutane Makka, Allah ya saka musu. Mu ɗauka mutum ɗari daga cikin ƴan asalin yankin da ke Dutsi, Yamai, Kwatano da Legas, kowa ya ajiye jika goma a shekara. Miliyon ɗaya ke nan, abin da zai kai ɗalibin masta ƙauyuka ya komo da alƙaluma. A sa sharaɗi uku: a zaɓe shi ta hanyar gasa a hannun malaman jami'a, ba don ɗan wane ne ba, batun bincikensa ya shafi kuɗin ɗaya daga cikin hukumomin nan goma, in ya gama ya zo ya bayyana sakamakon da Hausa, a gaban waɗanda suka biya da waɗanda aka yi wa tambayoyi. Masu kuɗin kuma su yi haƙuri da abin da zai fito, ko da ya nuna cewa wani babban ɗan kasuwa fatantinsa bai kai na mai tebur ba.

Ga ma'aikata da kantomomi da sarakuna: ku buɗe wa yaran nan littattafai. Shugaban da ke aiki da gaskiya shi ne farkon mai cin ribar bincike, domin shi ne zai samu hujjar da zai nuna wa Yamai cewa an miƙa masa aiki ba a miƙa masa kuɗinsa ba. Wanda kuma ya ga sanarwar burs a ofis, ya aika da ita gida, ya sa a karanta a gidan rediyon gari.

Ga ɗalibai kuwa, magana ɗaya ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Burs ɗin gwamnati daga harajin mai ƙuli-ƙulin nan ya fito. Na waje ma da sunan talaucinta aka ba ka shi. In ka samu, ka yi karatun da gaske, ka je duk inda ilimi ya kai ka, amma ka tuna akwai wadda ke riƙe da ɗan yankin takarda a bakin zanenta tun da safe, ba ta san inda dalarta goma ta kwana ba. Ran da ka komo ka zauna a rumfarta ka yi mata wannan lissafi da harshen da take ji, ran nan ka fara biyan bashi.

Allah ya ba mu masu ilimi masu amana, ya sa mu ga amfaninsu tun muna raye.